Ƙuri'ar Inno

Funtua,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Mannir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Lantana da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa mu ga juna da alheri, amin. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, masarar gonarmu ta hanyar Bakori har ta fara leƙowa, ko da yake taki ya yi tsadar da sai mutum ya yi bisimilla kafin ya tambayi kuɗinsa. Inno tana samun sauƙi, ƙafar ta lafa, amma idon kam sai a hankali. Yanzu da murya take gane mutum, in ka yi shiru a ɗakinta sai ta ɗauka ka fita, ta kama gulmarka kana zaune. Matar autanmu Rabe ta sauka lafiya, an samu namiji, uwa da ɗa duk suna nan ƙalau.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannu a wannan zamani, ka ce Yaya Maijidda ta tuna da aikinta na malanta ne. Ba haka ba ne. Na sha ɗaukar waya in yi maka saƙon murya, sai in ajiye. Saƙon murya ne ya jefa mu cikin halin da muke ciki, ita kuwa takarda ba a ɗora ta a lasifika a zaga gari da ita. Ka karanta a tsanake. In ranka ya ɓaci ka ajiye, ka sha ruwa, ka dawo, amma ka kai ƙarshe.

Na saurari saƙonka a kan abin da ya sami 'yarmu Tsohuwa, kuma na yi kuka, kukan gaske. Yarinyar da aka haifa a can Ingila, a can ta yi makaranta, Turancinta ko ni da na koyar da Turanci a firamare sai na ce ta maimaita, Hausarta kuwa sai dai mu yi dariya mu ce ta yi ƙoƙari. Ta tashi ta tsaya takarar kansila a jam'iyyar adawa don an rufe ɗakin karatun unguwarku, kuma motar haya ta daina shiga layin da tsofaffi suka fi yawa. Ta bi gida gida tana ƙwanƙwasa ƙofa kamar yadda kuke yi a can. Ka ce wasu sun karɓe ta hannu bibbiyu, har da wani dattijon Bature da ya riƙa raka ta cikin ruwan sama, Allah Ya saka masa. Wasu kuma da ganin ɗankwalinta sai su mai da ƙofa. Amma wadda ta fi ƙona maka rai ita ce tsohuwar maƙwabciyarku, wadda kuke kai wa naman Sallah, wadda Tsohuwa ke sayo wa magani in ƙafa ta hana ta fita. Ka ce ta rataya farar tuta mai jan gicciye, wato tutar Ingila, a tagarta, ta dubi yarinyar nan ta ce ba ta riƙe ta da komai ba, yarinya ce ta gari, amma ba za ta zaɓe ta ba, don takarda tana iya mai da mutum ɗan Birtaniya, amma zama ɗan Ingila a jini yake.

Ni a sanina Birtaniya da Ingila duk Ingila ce, shi ya sa na kira Tsohuwa ta warware mini. Ta ce Birtaniya ita ce a jikin fasfo, Ingila kuwa ita ce ƙasar da ta buɗe ido ta gani, kuma mutanen can sun rabu: wasu sun ce duk wanda aka haifa ya girma a can ɗan Ingila ne, wasu sun ce sai wanda kakanninsa ke kwance a ƙasar. Na ce ikon Allah, ashe su ma suna da ɗan ƙasa da ɗan asali. Ta ce faɗuwa ba ta dame ta ba, tun farko ta san jam'iyyarsu ba ta da ƙarfi a mazaɓar, ta tsaya ne don masu mulki su san akwai mai tambayarsu. Sannan ta tambaye ni in ita ba 'yar Ingila ba ce, to 'yar ina ce, tunda Funtua zuwa biyu ta yi, shi ma sauro ya koro ta. Na buɗe baki in ce ai ke 'yar gida ce, ga garin ubanki. Wallahi Mannir sai na fasa, don na san abin da garin ubanta ya yi wa wani watannin baya kaɗan, kuma na san da bakin wa aka yi.

A saƙonka ka yi ta tambaya wane irin mutane ne waɗannan da za ka ci ka sha da su shekara da shekaru, ranar zaɓe su tuna kai baƙo ne. Wanzami ba ya son jarfa, ƙanena. Bari in tuna maka da Tunde, tunda da alama sanyin ƙasar Turawa ya daskarar maka da wani ɓangare na ƙwaƙwalwa. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Shitu, ya baro Offa ya zo Funtua tun ana cinikin auduga, ya gina gidansa jikin katangarmu kafin a haife ka. Da aka haifi Tunde, mahaifiyarsa Iya Kudirat ta kwanta ciwo, nono ya ƙi zuwa, kai kuma kana jinjiri a cinyar Inno. Ni na gani da idona, Inno ta ɗora ka a dama ta ɗora shi a hagu, haka har aka yaye ku. Babanmu ya tara mu ya ce daga yau Tunde ɗan'uwanmu ne na nono, babu aure tsakaninsa da 'yan matan gidan nan, kuma babu shamaki. Rana ɗaya aka yi muku kaciya, allo ɗaya kuka riƙa wankewa, bulala ɗaya ta ci ku a kan mangwaron mutane. Yau in Tunde ya je Offa biki, danginsa dariya suke yi wa Yarbancinsa, suna ce masa Bahaushe. Tun da ka tafi, shi ke ɗaukar Inno a motarsa ya kai ta ganin likitan ido, kuma babu manomi daga Dandume zuwa Mahuta da bai san shagonsa na iri da taki da maganin feshi ba.

Da zaɓen kansiloli ya zo, mutanen unguwa ne da kansu suka zuga shi, saboda kwalbatin nan na bakin layinmu da ke cika duk damina ya shigo wa mutane ɗaki. Ya fara zuwa jam'iyya mai mulki, suka yi masa fara'a suka ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wanda aka binne cibiyarsa a bayan ɗakin Inno aka ce ya je Offa ya nemo asali. Sai jam'iyyar adawa ta ɗauke shi, ba don Allah ba, don ba su da wanda zai iya buga wa kansa fosta. Na ce masa Tunde ka san dai ba a kayar da mai riƙe da ludayi. Ya yi dariya ya ce mini ya sani, amma kasuwar da mai sayar da taki ɗaya ne a cikinta, ko yashi ya zuba a buhu haka za a saya, aikin ɗan adawa shi ne ya buɗe shago na biyu ko da ba a yi ciniki ba. Su kuwa 'yan jam'iyyar tasa, tsoro ya sa suka ƙi buga Tunde a fosta, suka buga sunansa na yanka, Abdulmutallib Shitu Funtua, wai kada a gane. A garin da ko akuya ta san Tunde! Abokan hamayya suka samu abin faɗi, suka ce ga shi nan har sunansa yake ɓoyewa.

Duk da haka mutane suna tare da shi, har ranar da saƙonka ya shigo zauren gidanmu na waya. Ba zan maimaita maka shi duka ba, ka san abin da ka faɗa. Ka ce zumunci daban siyasa daban, ka ce Tunde naka ne har gobe amma ba a miƙa wa baƙo ragamar unguwa, don yau kansila ne gobe sai su nemi shugaban ƙaramar hukuma. Ka ce baƙo raɓa ne. Ka rufe da cewa naka sai naka, daɗin zama sai bare. Na san za ka ce a cikin gida ka faɗa. To Rabe yana yi wa Kamalu, ɗan takarar masu mulki, yaƙin zaɓe, ya tura masa. Washegari sai ga muryarka a kan motar kamfe, da lasifika biyu, ana zaga gari ana cewa ku saurari Dakta daga Ingila, wanda suka sha nono ɗaya da Tunde, shi ma ya ce kar a yi. Ka san mutanenmu, maganar da ta tsallako teku ta fi ta liman nauyi. Motar ta tsaya a ƙofar shagon Tunde ana ta maimaitawa, shi kuma yana auna wa wani manomi irin masara. An ce bai ɗaga kai ba har suka gaji suka wuce.

Ranar zaɓe, ka san rumfarmu tana nan inda ka bar ta, gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu. Inno ba ta san zancen saƙonka ba, mun ɓoye mata, motar ma in ta wuce sai mu ce masu tallar magani ne. Tun da safe ta sa aka ɗauko mata zanenta na saƙi, ta ce ita rabonta da zaɓe tun Babanmu na raye, amma yau sai ta fita. Rabe ya riƙo hannunta. Da ta iso layi ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce ta zo ta zaɓi ɗanta, wanda ya ce ba ɗanta ba ne ya zo ya faɗa mata wa ya ba shi nono. Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Tunde ya taso ya durƙusa a gabanta, ta shafa kansa. Da yake ba ta gani, malamin zaɓe ya ce wani nata ya shiga da ita ya taimaka mata, kamar yadda ake yi wa makafi. Ni ina can baya a layin mata, Rabe ne a kusa. Duk da haka na ji da kunnena tana ce masa ya ɗora mata yatsa a kan alamar jam'iyyar Tunde. Ta fito tana nuna wa mutane tawadar yatsanta kamar yarinyar da aka yi wa lalle.

Ku a can na ji an ce kwashe akwatuna ake yi a kai wani babban ɗaki a ƙirga. Mu nan ka san a gaban jama'a ake zazzage akwati, a ware ƙuri'un kowace jam'iyya, malamin zaɓe ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da ƙarfi. Bayan la'asar aka fara. Aka ƙirga na Kamalu, ana ihu ana tafi har muryoyi suka dushe. Sannan aka ɗauko na Tunde, wanda tun a hannun malamin ka ga ba kauri. Aka ce ɗaya, aka ce biyu, aka ce uku, aka ce huɗu. Malamin ya juya hannunsa, babu saura. Lissafin kuwa ba ya buƙatar ɗan boko. Ga Tunde, ga matarsa, ga Iya Kudirat, ga ni, kuma ni kowa ya san inda na dangwala don ban ɓoye ba. Gidanmu kaɗai masu katin zaɓe sun fi goma. Amma ba wannan ne ya kashe ni ba. Ƙuri'ar Inno ba ta ciki. Na ga Tunde yana motsa yatsunsa a jikin rigarsa, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗago ya dubi Rabe. Ya je ya ba Kamalu hannu, ya kama hannun mahaifiyarsa suka shiga gida.

Na tsare Rabe a zaure, bai ko yi gardama ba. Ya ce ai Inno ba ta san komai ba, ƙuri'a ɗaya ba za ta canja komai ba, kuma ai Yaya Dakta ma ya ce naka sai naka. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na tuna gemunsa ya fara furfura. Ya ɗauki yatsan da ya share wa Tunde majina ya dangwala wa wani, kuma da sunanka ya wanke hannunsa. Har yau Inno ba ta sani ba. In an zo gaishe ta sai ta ce ita dai ta sauke nauyi, ta zaɓi ɗanta, Allah ne bai nufa ba. Duk ranar da ta faɗi haka sai in tashi in shiga madafa in ce hayaƙi ne.

Tunde bai yi faɗa da kowa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Yana gaishe da Rabe, ya zo suna ya kawo rago. Amma ya sayar da shagon, ana cinikin gidan, bayan Babbar Sallah zai kwashe iyalinsa su tafi Offa, garin da bai taɓa yin wata guda a cikinsa ba. Na je na same shi na ce ya dubi Allah, zaɓe ne ya wuce. Ya ce Yaya ba faɗuwa ba ce, ɗan adawa da faɗuwa ya saba. Ya ce da mutanen gari ne kawai suka ce shi baƙo ne da ya shanye, don baki bai san abin da zai faɗa gobe ba. Amma muryar da ya ji a lasifika ita ce muryar da ya koyi magana tare da ita. Ya ce 'ya'yansa sun fara tambayarsa su 'yan ina ne, shi kuma ba ya son su kai shekarunsa kafin a ba su amsa a bainar jama'a. 'Yan jam'iyyar tasa kuwa ko jaje ba su zo ba, shugabansu ma an ce ya sauya sheƙa tun tawada ba ta bar yatsun mutane ba.

Ban rubuto don in ce abin da ya sami Tsohuwa alhaki ne ba. Allah Ya kiyaye bakina, yarinyar nan ba ta ci na kowa ba, kuma abin da aka yi mata zalunci ne. Na rubuto ne don in ce maka ka daina mamakin matar nan mai tuta. Ba dodanniya ba ce. Na tabbata tana son Tsohuwa, kamar yadda kake son Tunde, kuma na tabbata in ta kwanta barci take yi, tana ganin ta kare garinsu ne. Laifi tudu ne, Mannir. Ita aƙalla ta dubi idon yarinyar ta faɗa, kuma ba ta taɓa shan nono ɗaya da ita ba.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Ka kira Tunde kafin Sallah, kira ba saƙo ba, ka bar shi ya ji numfashinka. Kar ka ce masa ba a fahimce ka ba, an fahimce ka sarai. Ban ce zai fasa tafiya ba, wataƙila bakin alƙalami ya riga ya bushe. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wannan hannun ma lafiyarsa ƙalau, mu ne muka sa masa wuƙa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya shigo ya shaida wa Inno zancen tafiya. Ya ce mata Iya Kudirat ce ta tsufa tana son ta ƙarasa cikin danginta, ya rufa mana asiri har a nan. Inno ta yi ta lalubar fuskarsa. Can ta ce to ita yanzu an bar ta da lissafi. Ta ce ta daɗe da sanin ranar da ta cika ba za a jira jirgin Ingila ba, kafin Mannir ya samu tikiti an dawo daga maƙabarta. Shi ya sa tun tuni ta kwantar da ranta cewa Tunde ne zai shiga kabari ya karɓe ta a madadinka, tunda shi ma muharraminta ne, kuma hannun da ya sha nono ɗaya da kai hannunka ne. Ta tambaye shi ko Offa da nisa, ko in an buga masa waya da safe zai iso kafin azahar. Tunde ya kifa kansa a gwiwarta. Ya ce zai yi ƙoƙari, Inno. Ni da shi mun san ba zai iso ba.

Ka gaishe mini da Hajiya Lantana, ka ce na ga saƙon man zafi, Allah Ya saka da alheri. Ka shafa mini kan ɗanmu Maiwada. Ka rungume mini Tsohuwa, ka ce gwaggonta tana alfahari da ita, ta sake tsayawa, kuma da cikakken sunanta. Inno tana sa muku albarka, Rabe da iyalinsa suna gaisuwa, Iya Kudirat ma ta ce a gaishe da ɗanta na Turai. Na faɗa wa Tunde zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in tambaye ka jikin Tsohuwa, ya ji abin da aka yi mata, kuma ya san yadda yake da zafi.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Wassalam.

Taka yaya har kullum,
Maijidda